Tambayar da Ibrahimu Ya Kasa Ƙarasawa

Ran da 'yan kasha, ma'aikatan hukuma masu kamen 'yan talla, suka kwashe kayan shayin Bakhita karo na biyu, Ibrahimu yana tsaye da kofi a hannu. Motarsu ta tsaya a bakin tashar Shuhada, aka watsa murhu da butoci da kujeru a bayanta, aka wuce kan mai gyaɗa. Kofin da ke hannunsa kaɗai ya tsira. Ya miƙa mata.

Ta leƙa ciki. "Shanye tukuna, Yaya. Shi ne na ƙarshe."

Ya shanye a tsaye.

"Halas, shi ke nan," ta ce. "Wana Ɗahiru ya daɗe yana cewa in koma wurinsa Maiurno. Zan koma."

Ibrahimu maƙerin gwangwani ne a kasuwar Omdurman. Butocin da motar ta tafi da su shi ya ƙera, waɗanda aka kwashe a karon farko ma shi. Matarsa ta rasu tuntuni. Mijin Bakhita ya rasu shekarar ambaliya. Kullum da safe yakan wuce masu shayin layin maƙera, ya tako har Shuhada ya sha nata. Kowa ya gani, ba wanda ya ce komai, domin kowa ya san yayanta ne.

Ba na jini ba. A Jazira aka haife su, a kambo, wato bukkokin leburori da ke gefen gonakin auduga. Lokacin ɗibar auduga mata sukan jere jarirai a inuwa ɗaya, wanda ya yi kuka sai wadda ta fi kusa ta ba shi nono. Haka aka tashi ana cewa Ibrahimu da Ɗahiru, wan Bakhita, nono ɗaya suka sha. Ba wanda ya taɓa cewa na wa. Uwayen biyu sun rasu. Ɗahiru kuwa jariri ne a lokacin, bai fi Ibrahimu sani ba.

Ibrahimu yana son aurenta. Ya taɓa jin wani direban babbar mota ya ce maganar shan nono tana da ƙofa, ba kowace ce haramun ba. Bai bi ba, domin muddin bai tambaya ba akwai shayin safe. Yanzu shayin ya tafi a bayan mota, mai shayin kuma za ta bi. Abu ɗaya ya rage masa: ya kai maganar rakubar Malam Jafaru.

Malam Jafaru jikan wani alhaji ne da ya taso daga Katagum a ƙafa, ya sauke farali, a hanyar dawowa ya tsaya Omdurman hutawa, bai ƙara gaba ba. A gidansu da ke Alsawra akwai rakuba, rumfar kara mai faɗi, inda ake zama duk Juma'a daga la'asar zuwa magariba. Maza a tabarmi, mata a bayan zana. Malam ba ya wa'azi, tambaya kawai yake amsawa, da Hausa.

Zaman yana da dokoki tun zamanin mahaifinsa. Ba a tambaya da sunan kai; ko kai ne ka saki matarka jiya, sai ka ce, idan wani mutum. Ba a katse mai tambaya har sai ya ce "shin", domin an taɓa katse wani a tsakiya, aka ba shi amsar abin da bai tambaya ba, gida ya watse. Idan ladan ya kira salla tambaya ba ta ƙare ba, mai ita ne na farko a Juma'a ta gaba, kuma daga tushe zai faro. Sannan abin da aka ji a rakuba ba a yi wa mai shi maganarsa a waje, ko da kuwa kwano ɗaya kuke ci.

Ibrahimu ya zo da farar jallabiya da ƙamshin sabulu. Ya bari wani ya yi tambaya kan zakkar awaki, wani kan sallar mai tuƙin dare. Da rana ta yi sanyi ya gyara murya.

"Allah gafarta Malam."

"Amin, da mu da kai."

"Idan wani mutum aka haife shi a kambo, lokacin ɗibar auduga." Ya tsaya. "Kuma idan a kambon nan akwai mata biyu maƙwabta, ɗaya doguwa, ɗaya kuma ba doguwa ba."

Malam ya gyaɗa kai.

"Kuma idan tsakanin bukkokinsu akwai bishiyar gawo. Ba babba can ba. Amma tana da inuwa. Kuma idan ruwan da suke sha na hanyar ban-ruwa ne, ba na rijiya ba, domin rijiyar tana da nisa, kuma gishiri gare ta."

Ya ji bakinsa yana kusantar wurin, sai ya kauce. Ya shiga bayanin rijiyar. Daga rijiya ya faɗa kan jakin mai duba gonaki, wanda ya taɓa faɗawa cikinta. Yadda aka fito da jakin ya ɗauki lokaci. Malam yana jan carbi, idonsa a kan tabarma. Ana ɗaure wa jakin igiya a ciki ladan ya hau katanga, domin babu wuta ranar, ya sa hannu a kunne.

"Sai Juma'a," in ji Malam.

A hanyar masallaci wani tsoho ya ce wa na kusa da shi, "Ni ban gane ba. Jakin ake tambaya a kai?"

Juma'a ta gaba mutane sun ɗan ƙaru. Ibrahimu ya faro daga tushe, ya bi ta gawo, ya bi ta rijiya, ya fito da jakin lafiya. Sai ya ci gaba.

"Kuma idan kowace daga matan nan biyu tana da goyo. Namiji. Kuma idan ana cewa yaran nan nono ɗaya suka sha. Kuma idan ɗaya daga cikin yaran daga baya aka yi masa ƙanwa."

Bayan zana aka ji wani abu ya faɗi, kamar faranti. Aka ji mata suna "shhh" da ƙarfin da ya fi maganar da suke hanawa. A tabarmin maza kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Wani mai gyaran keke ya cusa bakin rawaninsa a baki, kafaɗunsa suna rawa.

Ibrahimu ya ji duka. Ya koma kan ƙanwar: an haife ta shekarar fari ko shekarar da ta biyo, bai tabbata ba, kuma idan shekarar fari ce to ga abin da ya faru da dawa. Ya yi ta auna dawa har ladan ya cece shi.

Daga ranar unguwa ta rikice. Ba mai iya yi masa magana, don haka aka yi ta yi wa juna. A layin burodi, a bakin famfo, a cikin hafila, motar haya mai zuwa Bahri. Mutanen da ba su taɓa sayen mazurari ba suka riƙa zuwa rumfarsa suna juya mazurari, suna kallonsa da fara'a, su ajiye su tafi. Wata mata ta saya har biyu, tana fita ta fashe da dariya, ta dawo ta ba shi haƙuri, ta ce wani abu ta tuna.

Wadda ta fi kowa shan wahala Sittana ce, yayarsa ta ciki ɗaya, wadda ta goya shi a kambo. A gidanta yake cin abincin dare. Ranar Asabar ta ajiye masa kisra da miyar kuɓewa, ta zauna ta zuba masa ido.

"Auta."

"Na'am, Yaya."

"Ba maganar rakuba zan yi ba."

"To."

"Labarin Inna kawai na tuna. Ai ba laifi mutum ya tuna uwarsa."

Ibrahimu ya dubi fuskarta. Ya ga ta cika ta batse da wani abu da ta sani. A ransa ya ce, haramun ne, so take ta rage mini kunyar taro. Ya tsame hannu, ya ce ya bar wuta a rumfa, ya fita ba takalmi ɗaya. Daga ranar a rumfa ya riƙa kwana, yana cin ful, dafaffen wake, a bakin titi. Ta aika masa da takalmin, ya karɓa. Ta aika ya zo, ya ce aiki.

Juma'o'in da suka biyo, rakuba ta kasa ɗaukar mutane. Aka riƙa zuwa da kujeru daga gida. Mutanen Dar Salam suka cika akori-kura. Samarin da Hausarsu ba ta wuce gaisuwa ba suka jeru a kan katanga suna taɓa tsofaffi, "Gal shinu? Me ya ce?" Farkon tambayar kuwa kowa ya haddace. Ibrahimu yana cewa "ɗaya doguwa", sai leɓuna su motsa a dukan tabarmi, "ɗaya kuma ba doguwa ba." Ba sauti, don haka ba katsewa ba ce. Da an zo wurin jaki sai ka ga dattawa suna jan igiyar da babu a ƙarƙashin riga.

Shi kuma kullum sai ya ƙara taku ɗaya ya tsaya. Ƙanwar ta girma. Ta yi aure a birni. Mijin ya rasu. Ta iya shayi, ba ta cika citta, ba ta kuma rowar ta. A nan wani ya ce "Sadaƙta" a hankali, Malam ya ɗago ya dube shi, ya nutse.

Taro a shekarun nan ba abin wasa ba ne. Labari ya kai kunnen Ilyasu, mutumin lajna, kwamitin unguwa mai raba katin sukari da kai rahoto sama. Ya zo da rigarsa mai aljihu huɗu, ya tsaya a bakin ƙofa hannu a baya, don ya ga ko siyasa ake. Ya ji jaki. Ya ji dawa. Juma'a ta gaba ya zo da kujerarsa.

Bakhita tana zuwa kowane zama. Takan zauna a jikin zana tana ɓare 'ya'yan kankana da haƙori, ba ta kallon kowa. Matan suka ce ko gira ba ta ɗagawa, sai dai ran da aka zo maganar citta ta daina tauna na ɗan lokaci.

Ranar wata Laraba ta zo rumfarsa. Yana buga gindin buta, bai ga shigowarta ba sai da inuwarta ta rufe masa aiki.

"Sannu da aiki, Yaya."

"Sannu. Ga kujera."

"A tsaye nake. Sallama na zo. Na mai da ɗakin haya. Asabar da safe zan tafi."

Ya ajiye guduma. Ya jawo wani sabon murhu daga ƙarƙashin benci, da butoci biyu masu ƙyalli. "Na ƙera miki waɗannan. Akwai wuri a bayan asibiti, an ce motar ba ta bi ta can."

"An ce." Ta ƙwanƙwasa butar da farce. "Ta yi kyau. Ka sayar wa mai zama."

"Ba za ki ɗan jira ba, ko zuwa bayan salla?"

"Me zan jira?"

Ya buɗe baki. Wani yaron shago a rumfar gaba ya daina goge tire, maƙerin da ke kusa ya daina bugu. Layin maƙera bai taɓa yin shiru haka ba.

"Hanya," in ji Ibrahimu. "An ce ba ta da kyau wajen Madani."

Ta gyara tob, mayafinta, a kafaɗa. "Juma'a ina nan. Asabar ba na nan. Allah ya ba da kasuwa."

Ran Juma'a tun kafin la'asar aka cika titi. Maƙwabta suka hau rufin ɗakuna. Aka sauko da wata tsohuwa daga akori-kura a kan kujerarta, Inna Aliya daga Bahri, wadda ta ce ita ma 'yar kambo ce, kuma ba za ta mutu ba ta ji ƙarshen wannan abu ba. Aka shigar da ita bayan zana.

Ibrahimu ya faro. Yau da sauri yake, ya tsallake gishirin rijiya, jama'a suka dubi juna. Ya fito da jaki a numfashi ɗaya. Ya wuce dawa, ya wuce aure, ya wuce rasuwa, ya wuce citta. Ya iso inda bai taɓa isowa ba.

"Kuma idan mutumin nan shi ma ba shi da mata. Kuma idan ya daɗe yana, wato, yana shan shayi."

Ba mai motsi. Ladan ya riga ya hau katanga, yana duban rana yana duban Ibrahimu.

"Kuma idan kofin da take ba shi," in ji Ibrahimu, "na gilashi ne, amma ba irin mai hannu ba, domin masu hannun nan daga Masar ake kawo su, kuma idan aka zuba musu ruwan zafi…"

Wani nishi ya tashi daga tabarmi har rufin ɗakuna.

Ilyasu ya miƙe. "Ya Maulana."

"A rakubar nan ba a katse mai tambaya," in ji Malam.

"Ba ni na katse shi ba, gwamnati ce. An kira ni daga sama. Aka ce wane taro ne wannan ba izini. Na ce karatu ne. Aka ce wane irin karatu ne ɗalibi yana magana wata guda malami bai ce uffan ba. Idan bai ƙare yau ba, ba sauran Juma'a." Ya juya wajen Ibrahimu, ya rage murya. "Ya zol, bawan Allah, ka ji tausayina. Maiɗakina ta ce kada in shigo mata gida da rabin tambaya, balle da kofi."

Malam ya dube shi, gemunsa yana ɗan rawa. "Dokar mahaifina ba ta ambaci gwamnati ba," ya ce. "Malam mai tambaya, rana tana kan katanga."

Ibrahimu ya dubi zana. Ba ya ganin komai sai ƙafafun mata ta ƙasa. Ya rufe ido.

"Shin ya halatta ya nemi aurenta?"

Wani a kan rufi ya ce, "Allahu akbar," kamar an ga wata.

Malam ya ajiye carbi. "Wa ya sha na wa?"

"Allah gafarta?"

"Yaran nan biyu. Shi mutumin ne ya sha nonon uwar yarinyar, ko wan yarinyar ne ya sha nonon uwar mutumin? Idan shi ya sha, ya zama ɗanta, duk abin da ta haifa ɗan'uwansa ne, na gaba da na baya. Babu aure har abada. Idan kuwa wan ne ya sha, shi kaɗai ya shiga gidan. Ƙanwarsa da ba ta sha ba tana waje. To wa ya sha na wa?"

"Mutumin bai sani ba."

"Ka kawo mini jaki, ka kawo mini dawa, wannan ɗin ne ba ka kawo ba?"

"Jariri ne, Allah gafarta."

Dariyar da ta fara tashi ta mutu a hanya. Ibrahimu ya zauna daɓas a tabarma. A bayan zana an daina ɓare 'ya'yan kankana.

Malam ya juya wajen zana. "Idan akwai wata baiwar Allah da ta taɓa sanin wani kambo irin wannan…"

"Akwai." Muryar Sittana ce, ba ta bari ya sauke ba. "Akwai, Malam, ta kusa fashewa. Mutumin nan ni na goya shi. Tun da aka haife shi bai taɓa buɗe wa wata mace baki ba sai uwarsa. Ko ruwa ka ba shi a cokali sai ya duba hannun wa ne. Uwar ɗaya yaron ce zazzaɓi ya kayar, nononta ya ɗauke. Na so in faɗa masa, ya gudu ya bar mini takalmi."

"Shaidar mace ɗaya ce, kuma 'yar gida," in ji Malam. "Akwai ta biyu?"

"Ku ɗaga ni," in ji tsohuwar nan, Inna Aliya. "A'a, ku bar ni, daga nan ma zai ji. Malam, ni ce mai zaman inuwa shekarar nan, ƙaya ta soke ni a ƙafa, ba na shiga gona. Da hannuna na ɗauki Ɗahiru na kai wa Hajara, uwar Ibrahimu."

"Inna, ba a kiran suna."

"To. Na ɗauki wani Ɗahiru na kai wa wata Hajara. Ta sa shi a dama, nata a hagu, nata yana harbin baƙon da ƙafa. Har aka yaye su a wurinta suke."

"Nonon ɗaya matar bai dawo ba?"

"Sai da ta haifi yarinyar. Lokacin wannan mai harbin ya yi haƙora, yana bin awaki ba wando."

"Ita yarinyar ba ta taɓa shan na wata Hajara ba?"

"Da me? Auta ne, daga kansa ta rufe. Kuma gawon nan babba ne. Ban san wa ya ce masa ba babba ba ne."

Malam ya bari hayaniya ta lafa. Ya dubi Ibrahimu.

"Ka faɗa wa mutumin, wan ɗan'uwansa ne. Ita ba 'yar'uwarsa ba ce. Ya halatta ya nema. Ko za a ba shi kuwa, wannan ba a littafina yake ba."

Ladan ya ɗaga hannu zuwa kunne.

"Allah gafarta Malam."

Daga jikin zana ne. A al'ada mata ta bakin matar Malam suke tambaya. Wannan da bakinta ta yi, da muryar da take kiran masu shayi a tasha. Ladan ya tsaya da hannu a sama.

"Idan wata mata ta mai da ɗakin haya, ta sayar da gadonta da tulunta, shin ina za ta kwana daga Asabar zuwa ranar da za a ɗaura?"

Malam ya buɗe baki.

"Ɗakina," in ji Sittana.

"An amsa," in ji Malam. "Ladan, bismilla."

Ladan ya juya wa jama'a baya, ya tsaya har kafaɗunsa suka daina motsi, sannan ya kira. Mata suka riƙe guɗa a baki har aka sallame. Da aka sake ta, karnukan unguwa ta gaba suka amsa. Ilyasu ya rungume Ibrahimu, ya sake shi, ya gyara aljihunsa, ya ce a watse, taro ba izini, ya sake rungume shi.

Washegari da safe su uku, Ibrahimu da Bakhita da Sittana, suka haye gada zuwa Khartoum, tashar Suk Sha'abi. Bakhita ta riga ta kama kujera a bas mai bi ta Maiurno, ba a mayarwa. Kuma dole wani ya je Maiurno ya tambayi Ɗahiru, domin shi ne waliyyi. Sittana ta ce ba sai an yi shawara ba, Ibrahimu ne zai hau kujerar.

Kujerar tana layin mata, a tsakiya. Yaron mota ya ce ba canji. Ibrahimu ya shige tsakanin wata mai kwandon tantabaru da wata mai buhun albasa, ya haɗe gwiwoyi. Mai tantabaru ta dube shi sama da ƙasa, ta ɗora masa kwandon a cinya.

Bakhita ta zo jikin taga. Ta miƙa masa ƙullin dabino da sukari.

"Na Ɗahiru ne, ba naka ba. Ka ce masa ya zo da kansa, kada ya aiko wakili. Ka ce matarsa ta ba ka busasshiyar kuɓewa."

"To."

"Litinin ka dawo."

"In sha Allah."

"Ka sauka a Maiurno, kada barci ya kai ka gaba."

Direba ya danna ƙaho. Bas ta ja, tantabaru suka buga fiffike, Ibrahimu ya rungume kwandon da hannu biyu, don haka bai samu ya ɗaga musu hannu ba.

Matan biyu suka nufi hafilar Omdurman. Sittana ta ce ta san matar da ta sayi gadon, a Dar Salam take, idan aka je da wuri aka yi mata bayani za ta mayar.

"Igiyarsa ta saki," in ji Bakhita.

"Ai sai a ja ta. Gado ne mai kyau."

"Sabon gado zai saya."

Sittana ta yi tunani har suka sami wurin zama. "Mai ƙafar ƙarfe ko ta itace?"

"Ta itace. Ƙarfe ya ishe shi a rumfa."